Allurar da ke sa sankarar furostat ta yi haske a ɗakin tiyata: ta kai a sayar da shanu dominta?

Tambaya daga Garwa: "Assalamu alaikum likita. Mahaifina shekararsa 64, an yi masa awo an ce sankarar furostat ce. PSA ɗinsa, wato awon jini na furostat, 24 ne, takardar anapat, wato ɗakin awon nama, kuma ta ce Gleason, makin tsananin ciwon, 4+3 ne. Wani mai haɗa marasa lafiya da asibitocin waje ya ce mana akwai allurar da ake yi, ciwon ya yi haske kore a lokacin aiki, likita ya kwashe shi tas ba ya dawowa, amma sai mun ƙara kuɗi. Har mun fara shirin sayar da shanu. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ku dakata da maganar shanun tukuna.

Abin da aka gaya muku yana da tushe, amma an yi masa ƙari. Akwai irin wannan rinin, an gwada shi a jikin mutane, ya kuma nuna wa likitoci ciwon da idonsu bai gani ba. Sai dai har zuwa ƙarshen 2024 babu ko ɗaya daga cikin rinin da ke kama sankarar furostat da hukumar magunguna ta Amurka ko ta Turai ta ba izinin sayarwa. Duk a matakin gwaji suke. Koren hasken da ake samu a yawancin asibitocin da ke da robot wani rini ne daban, wanda ba ya bambance sankara da lafiyayyen nama. Maganar "ba ya dawowa" kuwa, babu likitan kirki da zai ɗauki wannan alkawari, da rini ko babu rini.

Furostat wata 'yar gaɓa ce mai girman goro babba, nauyinta wajen giram 20 zuwa 25 a jikin saurayi, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Mutane da yawa suna kiran ciwonta sankarar mafitsara, alhali ta mafitsara daban ce, ita ce wadda a yankunanmu na bakin Binuwai da tafkin Lagdo take da alaƙa da tsargiyar da ta daɗe a jiki. Wahalar cire furostat daga maƙwabtanta take. A bayanta dubura ce, tsakaninsu tantani kawai. A ƙasanta akwai tsokar da ke riƙe fitsari. A gefenta biyu, dama da hagu, jijiyoyin ƙarfin gaba ne manne da jikinta kamar saƙar gizo. Tun 1982 da Patrick Walsh na Johns Hopkins ya nuna inda jijiyoyin nan suke bi, likitan tiyata yake tsakanin abu biyu. In ya yanka nesa da furostat don ya tabbata ya kwashe ciwon, mutum ya tashi da yoyon fitsari da raunin gaba. In ya matso kusa don ya tsirar da jijiyoyin, yana iya barin ƙwayoyin ciwon a baya. Kuma a ƙarƙashin fitilar ɗakin tiyata, sankarar furostat da lafiyayyen nama kusan launinsu ɗaya.

Yadda ake sanin an bar wani abu shi ne bayan aiki. Likitan anapat zai shafe furostat ɗin da aka ciro da tawada, ya yayyanka shi faifai-faifai kaurin milimita 3 zuwa 4, ya duba a madubin awo. In ƙwayoyin sankara sun taɓa tawadar, to wuƙa ta bi ta cikin ciwon ke nan, sai ya rubuta R1. In ba su taɓa ba, R0. A manyan cibiyoyi ana samun R1 a wajen mutum 15 cikin 100, amma in ciwon ya riga ya fasa tantanin furostat, adadin yana haura 30 cikin 100. Wannan sakamakon sai bayan kwanaki yake fitowa, an riga an ɗinke mutum. Burin masu rinin nan shi ne likita ya sami labarin tun ciki yana buɗe.

Rinin kashi biyu ne haɗe. Kashi na farko makulli ne. A bayan ƙwayoyin sankarar furostat akwai wani furotin da ake kira PSMA, yana da yawa a kansu fiye da na lafiyayyen furostat nesa ba kusa ba, kuma yawanci yana ƙaruwa in ciwon ya yi tsanani. Ka ɗauke shi a matsayin kwaɗo. An ƙera makullin ya shiga wannan kwaɗon kawai. In ya shiga, ƙwayar tana haɗiye shi zuwa cikinta, shi ya sa yake zama a wurin bayan jini ya wanke sauran. Kashi na biyu shi ne mai ƙyallin. Ka san fitilar da 'yan canji ke haska takardar jaka goma da ita, wasu zare-zare su fito waɗanda ba a ganinsu da rana? Haka wannan yake, sai dai hasken da ake amfani da shi ido ba ya ganinsa sam. Irin na rimot ɗin talabijin ne: ka danna shi ka dubi bakinsa ba ka ganin komai, amma ka saita shi a kyamarar waya, a wayoyi da yawa za ka ga yana ƙiftawa. Tsawon zangon hasken da ake aiki da shi wajen nanomita 800 ne. An zaɓi wannan ne saboda tsakanin 700 da 900 jini da ruwa ba sa shanye haske sosai, naman jiki kuma ba ya ƙyalli da kansa. Koren da kake ji ana faɗa ba launin ciwon ba ne. Kwamfuta ce ke shafa kore a allon likita a duk inda kyamara ta tsinci ƙyallin.

A aikace, ana ba da rinin ta jijiya cikin ƙarin ruwa, galibi kwana ɗaya kafin tiyata. Yawansa kaɗan ne ƙwarai. A gwajin da aka yi a cibiyar sankara ta Amsterdam a Holan da rinin OTL78, wanda aka wallafa a 2023 a kan mutum 18, abin da ya fi kyau shi ne miligiram 0.03 a kan kowane kilo, awa 24 kafin aiki. Ga mai kilo 70, miligiram 2.1 ke nan. A San Faransisko an gwada IS-002 a kan mutum 24, daga maikurogiram 25 zuwa 150 a kan kowane kilo, shi ma kwana ɗaya kafin aiki, kuma mafi ƙarancin ne ya fi fitar da hoto mai tsabta. A Oksfod ta Ingila, Freddie Hamdy da abokan aikinsa sun wallafa nasu a 2024, mutum 23, da rinin IR800-IAB2M, wanda makullinsa guntun sojan jiki ne da aka ƙera. A ɗakin tiyata likita yana aiki da farin haske kamar kullum, sai ya taka ko ya danna ya koma ɗaya hasken a wurare uku: lokacin da yake ɓanɓare furostat daga jijiyoyi, lokacin da yake kwashe kaluluwar ƙugu, da kuma bayan ya ciro furostat, ya haska gurbin da ta bari. In wani ɗigo ya yi ƙyalli a gurbin, ya yanko shi a kai awo.

Ka haɗa mutanen gwaje-gwajen nan uku, 65 ne. Sun nuna rinin bai cutar da waɗanda aka ba ba. A na San Faransisko abin da aka fi gani shi ne fitsari ya sauya launi na ɗan lokaci. Sun nuna yana iya fito da ciwon da farin haske ya ɓoye. Wannan babban abu ne, kuma duk mai aikin furostat yana sa ido a kansa da fata. Amma ba su nuna cewa wanda aka yi wa aiki da rini ciwonsa bai dawo ba, ko ya fi tsawon rai, domin ba a tsara su don amsa wannan ba. Sai an raba ɗaruruwan mutane gida biyu, an bi su shekaru.

Inda gizo ke saƙar shi ne kurakuran rinin, kuma nan ne mai talla ba ya tsayawa.

Na farko fitsari. Ƙananan rini irin OTL78 da IS-002 ta ƙoda suke fita, ƙodar ma kanta tana ɗauke da PSMA. A cikin aikin dole a raba furostat da wuyan mafitsara, kuma da an buɗe nan fitsari yana zubowa a filin aiki. In yana ɗauke da rini, ko'ina sai ya yi kore, likita ya rasa wanne ne ciwo wanne ne fitsari. Shi ya sa ake jira awa 24 kuma ake rage yawan rinin, a kuma wanke mafitsara da gurbin da ruwa kafin a haska. Wanda aka yi wa allurar awa ɗaya ko biyu kafin aiki, jininsa ma yana ƙyalli. Ƙarin rini ba ya ƙara gani, dusashe bambancin yake yi, kamar mai neman tauraro a sama bayan gari ya waye.

Na biyu zurfi. Hasken nan milimita kaɗan yake ratsawa, da wuya ya wuce santimita ɗaya. Kaluluwa mai ciwo da ke binne cikin kitse ba za ta nuna ba sai an tono kusa da ita. Gudan jini yana rufe ƙyalli, haka ma naman da wutar tsayar da jini ta ƙona. Wannan yana da illa ta fuska biyu: ciwon da ke can ƙasa ba a ganinsa, sannan ciwon da ke cikin furostat, milimita ɗaya ko biyu a ƙarƙashin tantani, yana iya haskowa ta cikin lafiyayyen nama, likita ya zaci ya fito waje, ya yanke jijiyar da da an bar wa mutum abarsa.

Na uku shi kansa kwaɗon. Ba sankara kaɗai ke da PSMA ba. Lafiyayyen furostat yana da shi kaɗan, wasu ƙulle-ƙullen jijiya a ƙugu suna da shi kuma suna kama da kaluluwa. A ɗaya ɓangaren, wajen mutum 5 zuwa 10 cikin 100 sankararsu ba ta fitar da PSMA sosai, kuma a cikin furostat ɗaya wani sashen ciwon yana iya samunsa, wani babu. Rashin haske ba shaida ba ce cewa wuri ya tsarkaka. Allurar danne sinadarin maza, wadda ake yi wa da yawa daga cikin dattawanmu tun kafin su ga likitan tiyata, ita ma tana sauya yawan PSMA. Sannan kyamara: dole ta dace da rinin. Ko a gwajin IS-002 sai da aka yi amfani da tsarin kyamarar robot da aka ƙara wa ƙarfin gani, domin na yau da kullum an saita shi ne don wani rinin.

Wannan rinin shi ne ICG, kuma shi nake ganin ake nufi a yawancin tallan "koren haske". Tsohon magani ne, an ba shi izini a Amurka tun 1959. Gari ne a kwalba mai miligiram 25, ana dama shi da ruwan allura, a yi amfani da shi cikin awa 6. In an sa shi ta jijiya yana manne wa furotin na jini, hanta ta kwashe rabinsa cikin minti 3 zuwa 4. Aikinsa nuna inda jini ke gudu. In kuma an tsira shi cikin furostat kai tsaye, yana bin magudanar ruwan jiki ya haska kaluluwar da furostat ke zubawa ciki. Yana da amfani, yana taimaka wa likita ya ga kaluluwar da ta kauce wa inda aka saba nema. Amma yana haska mai ciwo da marar ciwo duka, har ma wani lokaci kaluluwar da sankara ta toshe gaba ɗaya ita ce rinin ke kewayewa. Yana ɗauke da aidin, don haka in Baba ya taɓa samun matsala da aidin ku faɗa. Robot ɗin tiyata mai suna "da Vinci" yana da tsarin kyamarar ganin ICG da ake kira Firefly, kuma kwalbar ICG ba abin da za a sayar da saniya dominsa ba ne.

Rini mai kama sankara da aka riga aka ba izini akwai shi, amma a wasu gaɓoɓin: Cytalux na sankarar ƙwan mace a 2021 da ta huhu a 2022, Lumisight na ta mama a 2024, Gleolan na ƙwaƙwalwa a 2017. Ba a ba ko ɗayansu izini don furostat ba. In an ambata muku ɗaya daga cikinsu, an haɗa magana biyu ne.

Yanzu ga Baba. PSA da ya wuce 20 yana sa shi cikin rukunin da ciwonsu ke da haɗarin bazuwa, ko da Gleason ɗinsa 7 ne. 4+3 kuma ya fi 3+4 tsanani, shi ne mataki na 3 cikin 5 a sabon lissafi. Tambayar da ke gabanku ba ta rini ba ce. Tambayar ita ce ko ciwon yana nan cikin furostat, ko ya kai kaluluwa da ƙashi. In ya kai ƙashi, cire furostat ba shi ne magani ba, komai kyan robot; maganin danne sinadarin maza ne ginshiƙi, tare da abin da likita zai ɗora a kai. Iyalai nawa ne suke kwasar dattijo zuwa Indiya ko Masar da kuɗin tiyata a hannu, a can a yi hoto a ce aiki ba zai yiwu ba? Don haka hoto kafin tikiti. Ana buƙatar hoton IRM (wato MRI) na furostat, sikana na ciki da ƙugu, da hoton ƙashi. Abin da ba a samu a Garwa ba, hanyar Ngaundere da jirgin ƙasan dare zuwa Yawunde ta fi jirgin sama araha nesa.

In kuma za ku fita waje ko ta yaya, to ga inda PSMA ya riga ya tabbata: hoton PET na PSMA. Makulli iri ɗaya ne, amma maimakon ƙyalli an ɗaura masa sinadari mai tururin nukiliya, a ɗauki hoton jiki duka kafin aiki. An ba shi izini a Amurka a Disambar 2020. A gwajin Ostireliya da aka wallafa a 2020, mai mutum wajen 300, ya gano gaskiyar bazuwar ciwo da kashi 92 cikin 100, sikana da hoton ƙashi kuma 65. Shi ma yana tsallake kaluluwar da ciwonta bai kai milimita 4 ko 5 ba. Amma in akwai kuɗin ƙari, nan ya cancanta a sa shi, domin shi ne zai iya sauya shawarar gaba ɗaya.

Ko hoto ya nuna ciwon bai bazu ba, tiyata ba ita kaɗai ce hanya ba. Gashi da na'urar radiyoterafi tare da allurar danne sinadarin maza na shekara ɗaya da rabi zuwa uku hanya ce cikakkiya ga mai irin matsayin Baba. Ku nemi jin ta bakin likitan gashin, ba na tiyata kaɗai ba. Robot ma ba sharaɗi ba ne. Gwajin da aka yi a Birisben, wanda aka fara wallafawa a 2016, ya kwatanta robot da buɗe ciki: robot ya rage zubar jini da kwanan asibiti, amma riƙe fitsari da ƙarfin gaba sun zo kusan ɗaya. Hannun da ya saba da aikin shi ne ke kawo bambanci.

Ka ce da mai haɗa ku ya kawo amsa a rubuce daga likitan da zai yi aikin da kansa. Menene sunan rinin? In ICG ne, kun san abin da yake yi da abin da ba ya yi. In sunan ya zo da PSMA, to gwaji ne, sai a nuna muku lambar rajistar gwajin da takardar amincewa da Baba zai sa wa hannu bayan an fassara masa. A ƙa'ida mai shiga gwaji ba ya biyan kuɗin maganin da ake gwadawa a kansa. Ka tambayi likitan furostat nawa yake cirewa a shekara, kashi nawa ke fitowa R1 a hannunsa, kuma zai kwashe kaluluwar ƙugu ko a'a, domin mai PSA 24 galibi yana buƙata. Ka kuma tambaya ko suna awon gaggawa a lokacin aiki. Wannan hanya ce da asibitin Martini na Hamburg a Jamus ya fito da ita, ana kiranta NeuroSAFE: da an ciro furostat, a yanki gefen da ya taɓa jijiyoyi, a daskarar da shi, likitan anapat ya duba cikin ƙasa da awa ɗaya mara lafiya yana barci. In tawada ta taɓa ciwo, a koma a cire jijiyar wannan gefen; in ba ta taɓa ba, a bar ta. Tambayar da rinin ke son amsawa ke nan, kuma wannan an yi wa dubban mutane.

In Allah Ya sa an yi aikin, kada ku baro asibitin sai da cikakkiyar takardar anapat: R0 ko R1, tsawon wurin da ya taɓa tawada, domin abin da bai wuce milimita 3 ba ya fi sauƙi, matakin pT2 (ciwon yana cikin furostat) ko pT3 (ya fasa tantaninta), da yawan kaluluwar da aka cire da waɗanda aka sami ciwo a ciki. R1 ba hukunci ba ne. Da yawa daga masu shi ciwon ba ya dawo musu. PSA ne zai faɗa. A auna shi mako 6 zuwa 8 bayan aiki, ya kamata ya sauka ƙasa da 0.1. Daga nan duk wata uku zuwa shida, a ɗakin awo guda kada a riƙa sauyawa, saboda na'urori suna ɗan saɓawa a ƙananan lambobi. In ya hau zuwa 0.2 aka maimaita ya tabbata, a nemi likitan gashi nan da nan, kada a bari ya wuce 0.5. Ku ware kuɗin wannan tun yanzu cikin lissafinku. Kai ma da 'yan'uwanka maza da ƙannen Baba, duk wanda ya kai 45 ya je a auna masa PSA, ya kuma gaya wa likita cewa akwai ciwon a gida.